Na'ura Ba Ta Koyar Da Lissafi Sai Da Malami

Duk wanda ya zaga Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Badun, ko Sabon Shagamu, zai tarar da abin mamaki. Yaro ɗan shekara 12 yana tsaye a rumfar ubansa, yana ba da canjin dubban nairori da ka, ba ya kuskuren ko kwabo. Amma ran da aka kawo sakamakon jarrabawa, sai a ga wannan yaron ya faɗi lissafi warwas. To, ina laifin yake? Ba shakka ba a ƙwaƙwalwar yaron yake ba. Laifin yana ga yadda ake koyar da shi.

A makarantu da yawa har gobe malami yakan cika allo da rubutu, yara su kwafa, su haddace, a tashi. Ɗan Bahaushe da ke zaune a Kudu kuwa nauyinsa biyu ne. A gida Hausa yake ji, a titi Yarabanci ko Ibo ko buroka, a aji kuma Turanci. Kafin ya gane abin da tambaya take nufi, an wuce zuwa wani darasi. Sai uban ya yanke hukunci cewa yaron ba shi da kan boko, ya mai da shi kasuwa.

Yanzu kuma ga zamanin na'ura ya zo. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta ta shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara gwada haka ga masu zaman jarrabawa da kansu. Jihar Edo ta soma shirin EdoBEST a 2018, Jihar Ikko ta biyo da EKOEXCEL a 2019, inda aka raba wa malaman firamare ƙananan kwamfutocin hannu masu ɗauke da darussa. Saboda haka yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, an cuce shi tun kafin ya zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai kada a ruɗu. Ƙasar nan ta taɓa ganin irin wannan ɗoki. Da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an yi odar injunan koyar da sana'a daga ƙasashen waje, aka rarraba wa makarantu. Da yawansu a cikin akwatuna suka yi tsatsa, don babu wutar lantarki, babu kuma malamin da ya san kansu. A ɗaya ɓangaren kuwa, Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, ta zaɓi yara ta hanyar jarrabawa, ta nemo malamai, ta kafa ɗakunan gwaje-gwaje. Ba kwamfuta a ajin, amma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can suna nan ko'ina a ƙasar nan. Darasin a fili yake: malami ne gaba, kayan aiki na biye.

Malamin kirki yakan fara ne daga abin da yaro ya sani. In zai koyar da kashi cikin ɗari, sai ya kawo zancen kara: an sayar da sa naira 600,000, la'adar dillali kashi 2 cikin 100, nawa ke nan? Ɗan mai shanu zai ce 12,000 kafin a rufe baki, daga nan sai a nuna masa yadda ake rubuta abin da ya riga ya sani. In ƙa'idar Pythagoras ce, sai a fita fili da igiya, a auna ƙafa 3 da 4 da 5, kamar yadda magina ke fid da kusurwar ɗaki. In da'ira ce, kowane yaro ya zagaya faifai ko murfin tukunya da zare, ya raba da faɗinsa, ya ga da idonsa amsar tana faɗawa kusa da 22 bisa 7. A darasin sinadarai ma, ruwan zoɓo ya isa: a ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, a zuba ruwan kanwa ya rikiɗe ya yi kore-kore. Gani ya kori ji.

Bayan an yi wannan ne na'ura take da rana. Akwai PhET, wanda masani Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, inda yaro zai haɗa batir da waya da ƙwan lantarki a kan allon kwamfuta, ya ƙara ƙarfin wuta ya ga abin da zai faru. Akwai GeoGebra na zane-zanen lissafi, inda za a ja kusurwa ɗaya ta alwatika a ga sauran suna sauyawa, jimlarsu kuwa tana nan 180. Dukansu kyauta ne, ana kuma iya sauke su a yi aiki da su ba tare da intanet ba. A 2022 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport, mai darussan firamare da sakandare. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji, waɗannan za su rage mata asara.

Wasu iyaye za su ce waya ɓata yara take yi, ga tsadar data, ga rashin wuta. Maganarsu tana kan hanya. Yaron da aka miƙa wa waya aka juya baya, ƙwallo da waƙa zai kalla. Shi ya sa aikin ba na gida ɗaya ba ne. Kusan kowane zango a Kudu yana da Sarkin Hausawa, da ƙungiyar 'yan kasuwa, da makarantar Islamiyya mai azuzuwa. Jama'ar da ta iya tara kuɗin ginin masallaci ba za ta kasa sayen kwamfuta biyar da faifan hasken rana ba, ta ɗauki malamin lissafi mai jin Hausa, ya riƙa zama da yara bayan la'asar, sau uku a mako. Ya bayyana da Hausa har su gane, sa'an nan ya mayar da su ga Turancin jarrabawa. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya, domin matan zango sun fi kowa sanin wahalar rashin likita mace ko ungozoma mai jin harshensu.

Iyaye su ma da nasu. Uba ya daure ya leƙa makaranta ko sau ɗaya a zango, ya gaisa da hedimasta, ya tambaya ko ana yin gwaji a aji ko kwafe kawai ake yi. Da dare ya ce wa yaro ya buɗe littafinsa ya bayyana masa darasin yau da Hausa. Ko uban bai yi boko ba, zai gane in yaron ya fahimta ko haddacewa ya yi.

Kasuwa tana ci yau, gobe ta ƙone ko a tashe ta, kamar yadda mazauna Kudu suka sha gani. Abin da ke kan yaro kuwa ba mai rushe shi. Allah ya sa a gane, ya kuma yi wa zuri'a albarka, amin.