Kafin Aska, a Tambayi Dangin Uwa

Da zarar hunturu ya kama, iyaye a Fagge da Sabon Gari sukan shiga shirin yi wa 'ya'yansu maza kaciya, wasu a hannun wanzami, wasu a asibiti. Galibin yara sukan warke lafiya. Amma akwai yaron da jininsa ba ya tsayawa, har akan ɗora laifin a kan mayu ko a kan hannun wanzami, alhali ciwo ne na gado da likitoci ke kira hemofiliya.

Idan mutum ya yanke, wasu sinadarai na cikin jini ke haɗuwa su daskarar da shi, su toshe bakin rauni. Mai hemofiliya yana da ƙarancin sinadari na 8 ko na 9. Umarnin ƙera su yana kan kuromozom X. Mace tana da X biyu, in ɗaya ya sami tangarɗa ɗayan yakan rufa mata asiri. Namiji kuwa X ɗaya gare shi, daga mahaifiyarsa. Saboda haka kowane ɗa namiji da mai ɗauke da ciwon ta haifa, yiwuwar ya gada kashi 50 ce cikin 100. Ta wannan hanya ciwon ya bi zuriyar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Ɗanta Liyofol ya rasu a 1884 sakamakon zubar jini bayan ya faɗi.

Don haka ya wajaba duk mai riƙe aska ya yi tambaya tukuna: shin akwai kawun yaron ko wansa da ya taɓa zubar da jini fiye da kima wajen kaciya ko cire haƙori? Shin gwiwar yaron takan kumbura in ya ɗan buge? In haka ne, a dakata, a kai shi gwajin jini a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kada kuma a saya masa asfirin a kantin magani, domin yana ƙara zubar jini.

Wasu za su ce tambayar tonon asirin dangin uwa ce. Ai uwa ba ta zaɓi abin da ta gada ba, ballantana a zarge ta. Gaskiya ne kuma tambaya ba ta kama kowa, don kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon ba su da tarihinsa a danginsu. Shi ya sa jinin da ya ƙi tsayawa bai kamata ya kwana a gida ba. Ya dace malaman kimiyya su koya wa ɗalibai wannan darasi, su kuma su kai shi gida tun kafin a kira wanzami.