Awa Ɗaya Ce Kawai, In Ji Shi

Wasiƙar wannan wata daga wata ƙanwarmu ce a Gwammaja. Ta ce an kawo kuɗin aurenta, yaron ma'aikaci ne a Abuja, amma a Kano zai ajiye ta saboda tsadar haya a can. Da ta nuna damuwa sai ya ce, "Haba ke kuwa, Abuja da Kano fa awa ɗaya ce a jirgi, duk Juma'a ina gida." Shi ne take tambaya, Anti gaskiya ne?

To ƙanwata, bai yi miki ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa na Malam Aminu Kano, in aka miƙe ta sama, kimanin kilomita 360 ne, jirgi kan cinye shi cikin minti 50 zuwa awa ɗaya. Kafin mutum ya gyara zama an ce a ɗaura bel za a sauka.

Amma ni na bi hanyar nan, lokacin da babbar 'yata ta haihu a can. Filin jirgin Abuja ba a cikin gari yake ba, kusan kilomita 40 ne daga tsakiyar birni, ga cunkoson Lugbe da yamma wanda sai wanda ya gani. Kuma dole a isa aƙalla awa guda kafin tashi. Ranar da zan dawo, jirgin ƙarfe 4 na yanka, ina can tun azahar da ƙullin kayana. Muka yi ta zaman jiran tsammani har bayan isha'i, sannan aka ce hazo ya rufe Kano, kowa ya dawo gobe. Lokacin sanyi ne, kin san halin hunturu. Maƙwabciyata da muka zo suna tare, ta ce ita ba ta hawa abin da ba ya taka ƙasa, ta bi mota ta Zuba, Kaduna, Zariya. Tafiyar fiye da kilomita 400 ce, awa 6 ko 7, amma wallahi a ɗakinta ta kwana, ni kuwa na koma gidan suruki da kunya. Har yau tana yi mini tsiya.

Wannan duk mai sauƙi ne. Zuwa da komawa duk mako tikiti 8 ke nan a wata. Mutumin da haya ta gagara a Abuja, da wane albashin zai saya? Ƙarshenta mota zai riƙa bi, mai bin mota kuwa ya iso daren Juma'a a gajiye, ranar Lahadi da hantsi ya juya. Daga duk mako a koma duk sati biyu, daga nan sai ƙarshen wata.

Ban ce ki fasa ba, mata nawa ke irin wannan zama lafiya lau. Amma ki sa waliyyinki ya zaunar da shi ya faɗi tsakani da Allah sau nawa zai iya zuwa, kuma ta wace hanya. A tambaye shi da wa za ki zauna, wa zai kai ki asibiti in naƙuda ta tashi cikin dare, sannan yaushe yake shirin ɗauke ki ku koma tare. In ya ba da amsa ki sake rubuto mini in ji.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.