Zauren Uwargida: Kafin ki saya wa yaro kwamfutar buga gem

 

A wannan watan za mu taɓo wata magana da ta fara yawa a gidajenmu. Yaro ya ci jarrabawa ko ya yi saukar karatu, aka ce ya faɗi kyautar da yake so, ya ce kwamfutar buga gem. Sau da yawa uwa ce ke kwasar adashinta ta aika kasuwa, a sayo abu mai ƙyalli, a zo gida wasan ya ƙi tashi a kai. Kuɗi sun tafi, yaro bai samu biyan buƙata ba. Don haka uwargida, kafin ki tambayi farashi, ki fara tambayar yaron sunan wasan da zai buga, ki sa ya rubuta miki a takarda. Wannan sunan shi zai nuna miki kwamfutar da ta dace da aljihunki.

Dalili kuwa, wasannin ba nauyinsu ɗaya ba. Irin su Minecraft da Roblox da ƙananan yara ke so, kusan kowace kwamfuta mai ɗan dama-dama za ta ɗauke su. Amma wasan ƙwallon da samarinmu ke kira FIFA, wanda aka sauya wa suna zuwa EA Sports FC a 2023, yana da nauyi. Na 2024, wato FC 25, mafi ƙarancin abin da kamfanin ya ce yana buƙata shi ne RAM mai 8GB, da katin hoto GTX 1050 Ti, da fili har 100GB. Kowane wasa yana da irin wannan jerin buƙatu a shafin kamfaninsa na intanet, kuma kyauta ake dubawa.

Abubuwa huɗu ne za ki riƙe a ka. Na farko katin hoto, shi ke zana abin da ake gani a allo, kuma shi ne ya bambanta kwamfutar gem da ta ofis. A nan ya kamata kaso mafi tsoka na kuɗinki ya tafi. Ga mai ƙaramin ƙarfi, GTX 1650 da ya fito a 2019 ya wadatar wa mai farawa. Idan aka ce miki Intel UHD ne kawai a ciki, to ki sani babu katin hoto na musamman, ƙananan wasanni kaɗai za ta iya.

Na biyu RAM, wato wurin da kwamfuta ke baza aikin da take yi a lokacin. Kada ki karɓi ƙasa da 8GB, idan da hali 16GB ya fi. Farashinsa ya yi tashin gwauron zabo tun ƙarshen 2025, don haka ba laifi a fara da 8GB, muddin akwai gurbin ƙarawa nan gaba.

Na uku rumbun ajiya. Ki nemi wanda ake kira SSD, ya fi tsohon faifai mai juyawa sauri nesa ba kusa ba. Mai 512GB ya fi dacewa, tunda wasa ɗaya na iya cinye 100GB.

Na huɗu ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma a nan ake yawan ruɗa masu saye. Za a ce miki ai Core i7 ce, ki ji suna mai girma. Amma i7 ta 2012 ba ta kai i3 ta 'yan shekarun nan ƙarfi ba. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye da sunan. Misali i5-8400, wannan 8 ɗin na farko yana nufin zubi na takwas. Kada ki sauka ƙasa da zubi na takwas, domin daga nan ne Windows 11 ke karɓa, shi kuma Windows 10 kamfanin Microsoft ya daina ba shi cikakkiyar kulawa tun 14 ga Oktoba, 2025.

Sai tambayar ta kan tebur ko ta tafi-da-gidanka? Amsar tana wajen wutar unguwarku. Ta kan tebur ta fi araha idan aka kwatanta ƙarfi, ana iya sauya mata kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a ɗaukarta a ƙule a ɗaki da ita. Sai dai ta fi shan wuta, da zarar an ɗauke kuma ta mutu nan take, wanda hakan kan lalata abin da ke ciki. Dole sai da UPS da sitabilaiza. Ta tafi-da-gidanka tana da batirinta, ta fi sauƙi ga mai ƙaramar sola, amma katin hotonta a manne yake, ba a sauya shi. Duk wadda kika zaɓa, kada ki zuba kuɗin duka a kanta. Ki ware wani abu don kayan kare wuta da hannun buga wasan.

Wata dabara mai sauƙin kuɗi ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin su Dell OptiPlex ko HP, zubi na takwas zuwa sama, a sa mata katin GTX 1650. Akwai gajeren samfurinsa da ke shiga ƙaramin akwati. Ana samun irin waɗannan a Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Legas.

Amma fa kada ki yi cinikin biri a sama. Duk wanda za ki aika, ya tafi da yaron ko da wani masani. A kunna kwamfutar a gabansu, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafi zai buɗe wanda ke nuna ainihin abin da ke cikinta, ba abin da aka liƙa a jiki ba. A buga wasan kamar minti 20, a ji ko tana zafi fiye da kima ko tana mutuwa da kanta. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kwamfutar da kwanakin garanti a rubuce. Fitilu masu launi da ke walwali a jikin akwati ado ne kawai, ba sa ƙara mata gudu.

Idan ta iso gida, a ajiye ta a falo inda kowa ke wucewa. Kada a ɗora ta tafi-da-gidanka a kan katifa ko filo, domin ƙofofin iskarta na toshewa. Lokacin hunturu a riƙa rufe ta saboda ƙura.

Sannan ki duba lambar shekarun da ke jikin kowane wasa: 3, 7, 12, 16 ko 18. GTA V da yara ke yawan ambata na 'yan shekara 18 ne, akwai kisa da batsa a ciki. Haka kuma kada ki bari a haɗa katin bankinki da wasan. Wasu wasannin suna sayar da ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba sai an biya, abin da hukumar ƙasar Beljiyam ta ce caca ce tun 2018.

A ƙarshe, a yi yarjejeniya da yaro tun kafin a kunna: ba gem lokacin salla, ba gem sai an dawo Islamiyya an gama aikin makaranta. Manhajar Microsoft Family Safety tana ba ki damar ƙayyade sa'o'in da zai yi, ta kulle da kanta. Ki kuma sa shi da ƙannensa mata su koyi buga rubutu a kanta, tunda jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta tun 2015. Ta haka kuɗin da kika kashe za su amfani gidan baki ɗaya.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a abin da muke nema. Sai wata mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalam.