Sharhi: Goge foldar ɗan kutse ba ya toshe ƙofar da ya shigo

A watan Disamban 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar da cewa an yi wa shafinta na intanet kutse, ta kuma buƙaci jama'a su yi watsi da duk abin da aka wallafa a kai har sai ta shawo kan lamarin. Irin wannan sanarwa ce kawai ke isa kunnen jama'a. Babban aikin yana biyo baya ne a ɗakin sabar, wato kwamfutar da ke ajiye fayilolin ma'aikata, inda masu kula da ita ke bin sawun abin da ɗan kutse ya bari.

Daga cikin alamomin kutse da aka daɗe da sani akwai foldar da ta ƙi goguwa. Dabarar ta yaɗu a farkon shekarun 2000, lokacin da masu safarar fina-finai da manhajojin sata ke laluben sabar FTP da aka bari kowa na iya ajiye kaya a cikinta. Sukan mai da ita rumbunsu, su raɗa wa folda suna kamar COM1, LPT1, AUX ko NUL. Windows ta gaji waɗannan sunaye daga MS-DOS a matsayin sunayen na'urori, don haka takan ƙi taɓa foldar. Wasu kan bar sarari a ƙarshen suna, ko su jera folda cikin folda har adireshin ya zarce haruffa 260.

Cire su ba shi da wuya ga wanda ya san hanya. A Windows, umarnin rd kan share irin wannan folda idan aka fara cikakken adireshinta da alamar \\?\, wadda ke tsallake binciken suna. Idan izini aka ƙwace, takeown da icacls kan mayar da shi hannun mai kula. A Linux kuwa, lsattr na nuna ko an kulle fayil, chattr -i kuma na buɗe shi.

Sai dai haɗarin na tattare da wannan sauƙi. Wanda ya iya ƙirƙirar folda a sabar ya samu izinin rubutu a cikinta, ta hanyar kalmar sirri da ta fita, ko manhajar da ba a sabunta ba, ko ƙofar da aka bari a buɗe. Mai kula da ya goge foldar ya koma bakin aiki ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Ya kuma lalata shaida, domin kwanan watan foldar da asusun da ya ƙirƙire ta su ne ke nuna yaushe aka shiga da kuma ta ina.

Doka ma ba ta bar wannan ga ra'ayin ma'aikaci ba. Gyaran da aka yi wa Dokar Laifukan Intanet ta 2015 a shekarar 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse ga cibiyar ngCERT daga kwana bakwai zuwa sa'o'i 72. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta ba da sa'o'i 72 na sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya idan bayanan jama'a na cikin haɗari.

Saboda haka tsarin da ya dace shi ne a raba sabar da intanet, a kwafi faifanta da kundin shige da ficenta kafin a taɓa komai, a kai rahoto, a sauya dukkan kalmomin sirri. Idan ɗan kutsen ya kai ga ikon mai gudanarwa, sai a sake gina sabar daga ajiyar da aka tabbatar tana da tsabta. Goge foldar shi ne mataki na ƙarshe. Shugabannin ma'aikatu da ke matsa wa ma'aikatansu su dawo da aiki nan take su sani cewa gaggawar na iya barin bayanan albashi, haraji da lafiyar 'yan ƙasa a hannun wanda har yanzu yake ciki.