Dajin Kamuku Ba Ya Tsaruwa Da Hoton Bikin Yaye Dakaru

Jama'a, ni fa na gaji da bukukuwan ƙaddamarwa. A 2016 aka yi dokar kafa KADVS. A 2018, bayan kisan Gwaska, Buhari ya amince a kafa bataliyar soja a Birnin Gwari. A 2023 Gwamna Uba Sani ya tura mutum 7,000 horo a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna. A 2025 kuma Tinubu ya amince da dakarun tsaron daji. Kowa da sabon kakinsa, amma tambayar manomin Randagi ɗaya ce: wa zai kwana a dajin nan?

Za ku ce ai an yi sulhu a Nuwamba 2024, har an buɗe kasuwar kara. Haka ne, mun gode Allah. To amma Kamuku da Kuyambana sun haɗe da Zamfara da Neja. Wanda ya ajiye bindiga a nan bai ajiye wa na can ba.

In da gaske ake, a ɗauki 'ya'yan yankin da suka san kowace burtali, Hausawa da Fulani da Gbagyi, don kada aikin ya koma ramuwar gayya. A biya albashi kan kari, a ba su babura da oba-oba, a kula da iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. Kuma 'yan siyasa su cire hannunsu, ba 'yan bangar zaɓen 2027 muke nema ba.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.