Mudunmu Shi Ne Wa'azinmu

Barkanmu da ganin kaka. Gero ya shiga rumbu, ana yankan dawa, mata suna roron wake, riɗi kuma an jingina shi a gona yana jiran kaɗewa. Ba da daɗewa ba kowace ikilisiya za ta yi sujadar godiya, mu kai dammuna da buhuna gaban bagade da waƙa. Kafin wannan rana ta zo muna so mu yi magana a kan wani ƙaramin abu wanda ba a shiga da shi majami'a, amma yana ba da shaida a kanmu kowace ranar kasuwa. Wannan abu shi ne kwanon awo.

Ga abin da ya sa muka ɗauko maganar. Da kakar bara wata ƙungiyarmu a wani ƙauye kusa da Gafasa ta tara riɗi buhu 14 domin a sayar gaba ɗaya. Mai sayen wani Alhaji ne daga Gaya. Shekara uku yana sayen kayan ƙungiyar bai taɓa kwance bakin buhu ba, sai dai ya ɗora a sikeli ya biya. Bayan kwana biyu sai ga shi a kan babur da ɗan ƙunshi a leda. Ya yi sallama a ƙofar shugaban ƙungiya, aka shimfiɗa masa tabarma, aka gaisa. Sai ya ajiye ƙunshin ya ce, "Malam, ga ajiyarku na kawo. Da na tankaɗe na tarar da ita a gindin buhu biyu, na ga kuwa ba riɗi ba ce." Da aka kwance, yashi ne. Bai yi zagi ba, bai kai ƙara wurin dagaci ba. Ya sha ruwa ya hau babur ɗinsa ya koma.

Muna wurin a ranar, ba kuwa za mu manta da shirun da aka yi ba. Mutum ɗaya ne ya zuba yashin, amma wake ɗaya ke ɓata gari. Daga baya ɗan'uwan ya fito da kansa ya faɗi laifinsa gaban dattawa. Ba mugu ba ne. Bashin taki ne a wuyansa, ga yaro kwance ba lafiya. Ya biya kuɗin, aka yafe masa, aka kuma taimake shi. Alhaji yana nan yana sayen kayan ƙungiyar har yanzu, sai dai kowane buhu yanzu sai an zazzage shi a kan tabarma. Kuɗin ya koma cikin kwana ɗaya, amma amanar shekara uku ba ta komo ba tukuna.

A ƙasar Gaya da Ajingi mu masu bi kaɗan ne. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya da su, muke gayya tare, muke zuwa wa juna gaisuwar mutuwa, yawancinsu ba za su taɓa jin wa'azin fasto ba. Abin da suka sani game da bangaskiyarmu a hannunmu suke ganinsa: yadda muke awo, yadda muke biyan bashi, yadda muke cika alkawari. Su ma littafinsu yana da sura guda wadda ta yi kashedi mai zafi ga masu tauye mudu. Saboda haka sun san abin da ke daidai, suna kuma dubanmu su ga ko mun sani.

Mu ma ba mu da hujjar cewa ba mu ji ba. Tun shekarar 1932 muke da Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a gidansa, babba domin saye, ƙarami domin sayarwa. Annabi Amos a sura 8 ya tsauta wa 'yan kasuwar zamaninsa, waɗanda suke ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma rage mudu da sayar wa matalauta sharar hatsi. Mutanen nan masu kiyaye ranar sujada ne, ba su fasa ba. Laifinsu shi ne Allahnsu bai bi su zuwa kasuwa ba.

Bari mu faɗi abubuwan da sunansu, gama mun san su duka.

Na fari, tauye mudu. Akwai kwanon da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki. Akwai hannun da yake tara hatsi ya yi tozo in mu ne masu saye, ya share baki in mu ne masu sayarwa. Wani zai ce ai ɗan tafin hannu ne kawai. To, mu yi lissafi. Buhu yakan ci tiya 40. In an rage kashi 1 cikin 20 a kowace tiya, an ci tiya 2 ke nan a buhu. Wadda take sayen tiya ɗaya ɗaya kuwa ba attajira ba ce. Gwauruwa ce, ko matar ɗan ƙodago, wadda za ta koma gida ta ga tuwon bai kai ba.

Na biyu, algus. Yashi cikin riɗi, tsakuwa cikin wake, ƙaiƙayi cikin gero, mai kyau a bakin buhu, ruɓaɓɓe a gindi, yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi nauyi. Gyaɗar da aka ɗure da danshi takan yi fumfuna, fumfunar nan kuwa tana da dafin da yake lalata hanta, yana kuma tsumburar da yara.

Na uku shi ne ya fi muni, ga shi kuwa da yawa ba sa ɗaukarsa zunubi. Wato zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi cikin waken da za a kai kasuwa domin kada ƙwari su huda shi. Mun sha ganin gidan da aka ware waken ci daban, ba a sa masa kome ba, na sayarwa kuwa an jiƙe shi da magani. Mai gidan ya san guba ce, shi ya sa ya tsare 'ya'yansa. To, 'ya'yan wa za su ci wancan? Daga kasuwanninmu wake yakan tafi Dawanau, daga can ya nufi Legas da Fatakwal, ya zama ƙosai da alala a hannun yaran da ba za mu taɓa gani ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan magani da aka samu a cikinsa. Su suna da na'urar gwaji, suka ƙi karɓa. Mai tuyar ƙosai a bakin tasha ba ta da ita. Umarnin ƙaunar maƙwabci bai tsaya a kan wanda muka san fuskarsa ba.

Na huɗu, mudun bashi. Cikin watan Agusta, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ɗan'uwa yakan zo neman buhu ɗaya. Sai a ba shi bisa sharaɗin zai biya biyu da kaka. Littafin Firistoci 25:35-37 ya hana cin riba a kan abincin da aka ranta wa ɗan'uwan da ya talauce. Wanda ya biya biyu bana, baɗi tun Yuli rumbunsa zai ƙare, ya sake dawowa. Ta haka gona takan fita daga hannun mai ita a hankali.

Mun san amsar da za a ba mu, gama mun ji ta a taro da yawa. Za a ce, "Malamin gona, kai albashi kake ci. Dillali yana auna namu da babban kwano, mai taki yana sayar mana da wanda aka gauraya, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na kome ya tashi. In mu kaɗai muka yi gaskiya, ai mu ne za mu kwana da yunwa." Wannan magana ba ƙarya ba ce, ba kuwa za mu yi kamar ba mu ji zafinta ba. Ana cutar manomi ƙwarai. Mai gaskiya kuma yakan yi hasara wani lokaci, ba za mu ruɗe ku da cewa kullum riba take biyo baya nan da nan ba. Amma ku duba wanda ramuwar take faɗa wa. Ba dillalin da ya cuce mu ba ne yake cin tsakuwar. Talaka ne irinmu. Iyayenmu da suka ga farin 1973, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, sun sha wuyar da ta fi tamu. Har yau in suna ba da labari suna tunawa da wanda ya buɗe rumbunsa, suna kuma tunawa da wanda ya rage kwano. Yunwar ta wuce, sunayen biyu suna nan.

Gaskiya tana da nauyi ga mutum ɗaya, shi ya sa muke da ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta zauna a kai kafin a fara kai kaya kasuwa:

1. A sayi kwano ɗaya sabo na ƙungiya, a gwada shi gaban kowa, a ajiye wurin ma'aji. Da shi za a saya, da shi za a sayar, da shi za a ba da rance, da shi za a karɓa. In hali ya yi a haɗa kuɗi a sayi sikeli, gama shi ne zai tsare mu daga babban kwanon dillali.

2. Kowane buhu a zazzage shi gaban mutum biyu kafin a ɗinke, a rubuta sunan mai shi a jiki. Wannan ba rashin yarda ba ne. Taimako ne ga wanda jaraba ta same shi da dare.

3. A daina sa maganin feshi cikin abinci. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba cikin buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin sukan mutu don rashin iska. Jarka ko duro mai murfi, in an cika shi an toshe sosai, shi ma yana yin wannan aiki.

4. A kafa rumbun tsimi na ƙungiya. Kowa ya kawo tiya kaɗan da kaka. Da damina mai bukata ya karɓa, ya mayar da abin da ya karɓa, da ɗan abin gyaran rumbu wanda kowa ya yarda da shi. Kada a tambayi addinin mai yunwa. Da akwai irin wannan rumbu a ƙauyen nan bara, watakila da yashi bai shiga buhu ba.

5. Wanda ya san ya cuci wani, ya je ya mayar. Zakka mai karɓar haraji, cikin Luka sura 19, da Yesu ya sauka a gidansa bai tsaya ga baƙin ciki kawai ba, ya ɗauki alkawarin mayarwa riɓi huɗu. Dattawa kuma su karɓi mai tuba da taushin hali, kada a mai da shi abin nuni.

'Yan'uwa mata na zumunta, ku ne kuka fi kowa riƙe kwano, a gida da kasuwa, yara kuma a gefenku suke koyon awo. Abin da suka ga hannunku yana yi, shi za su ɗauka ya fi abin da suka haddace a makarantar Lahadi.

Ranar godiya tana zuwa. Kafin kowannenmu ya ɗauki buhunsa zuwa majami'a, bari ya ɗauko kwanonsa ya juya gindinsa ya duba. Ubangiji ya ba mu kasuwa mai albarka, ya sa ranar da Alhaji zai sake ɗora buhunmu a sikeli ba tare da ya kwance ba ta zo da wuri. Amin.