Shirun Na'ura Ba Lafiyar Majinyaci Ba Ne

Jama'a, akwai wata na'ura da manyan asibitocin duniya ke alfahari da ita a yau. Ana liƙa wa majinyaci ita a ƙirji ko a maƙala masa a yatsa, ta riƙa auna bugun zuciyarsa da iskar da ke cikin jininsa, sa'an nan ta aika da labari ta iska, babu waya, zuwa allon da ke gaban nas. In abu ya ɓaci, sai ƙararrawa ta kaɗa. Kowa zai so ganin irinta a Babban Asibitin Minna, inda mutanenmu na Tudun Fulani ke kai marasa lafiyarsu. Amma fa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ko a ƙasashen da suka ƙera ta, ta taɓa ba su kunya. A watan Fabrairun 1998, wani gidan talabijin a birnin Dallas na Amurka ya gwada sabon tsarin watsa shirye-shirye, sai na'urorin zuciya na asibitin Baylor suka daina isar da saƙo, domin zangonsu ya yi karo da nasa. Wannan ya sa a 2000 hukumar sadarwar ƙasar ta keɓe wa asibitoci zangonsu na musamman.

To, mu kuma tamu matsalar ta fi haka. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru, alhali mutumin Tudun Fulani ya san duhu kamar yunwar cikinsa. A 2024 babban layin lantarkin ƙasa ya faɗi sau da dama. Na'urorin da ke bin layin tarho zuwa ga likita mai nisa kuwa, sai mu tuna yadda aka toshe layuka a Zamfara a Satumban 2021 saboda 'yan bindiga.

Haɗarin shi ne, in saƙo ya yanke ƙararrawa na iya yin shiru, nas kuma ta ɗauka lafiya ƙalau, alhali majinyaci na shure-shure a gado.

Saboda haka duk asibitin da zai sayi wannan kaya, tilas ya tanadi lantarkin hasken rana da batura, ya raba hanyar na'urar da wadda 'yan dubiya ke hawa da wayoyinsu, kuma ya zaɓi irin wadda ke yin kuka da zarar saƙo ya yanke. A horar da masu gyara. Ga Jami'ar Fasaha ta Minna nan da harabarta a Bosso. Uwa-uba, kada a rage nas ko ɗaya, su ci gaba da zagayen gadaje dare da rana.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan, da kuke tara kuɗi a ƙungiyoyinku don taimakon asibitocin gida, kafin ku biya ku tambayi ɗan kwangila: in wuta ta ɗauke da ƙarfe biyun dare, wa zai san halin da majinyaci ke ciki? In ya yi inda-inda, ku riƙe kuɗinku. Allah ya ba majinyatanmu lafiya, amin.